Jirgi ne, wuƙa ce ko ambaliya? Ku taya ni zaɓen misalin da zan kai wa yara

Ɗan_Otigba:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Taimako nake nema, ba na kuɗi ba, kada wani ya gudu. Matasan unguwarmu a Agege sun matsa mini in yi wa ƙannenmu magana ranar Lahadi bayan La'asar a kan waya da intanet da wannan ƙirƙirarriyar basira da ake yayi, da abin da ke jiran su nan gaba. Wai tunda na shekara 11 ina gyaran waya a Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, ni ne masani. Allah na tuba, ni sikirin da wurin caji na sani.
Ga inda na maƙale. Cikin wata ɗaya na ji mutum uku sun kwatanta abin nan. Wani mai kwat a wani taro a Ikeja ya ce jirgi ne, ya riga ya tashi, wanda bai shiga ba an bar shi a tasha. Limaminmu ya ce wuƙa ce, ka yanka rago ko ka yanka ɗan'uwanka, laifin na hannunka ne. Mahaifina kuwa, da na je gida Kazaure da sallah, cewa ya yi ambaliya ce, sai dai mutum ya kwashi 'ya'yansa ya hau tudu. Da na zauna sai na ga ai shawara uku aka ba ni. Na farko ya ce in ruga, na biyu ya ce in gyara zuciyata kawai, na uku ya ce in ɓuya. Alhali abu ɗaya suke magana a kai. Wanne zan kai wa yaran nan?

MaiAlbasa_Mile12:
Wa alaikumus salam. Kai musu duka ukun su zaɓa mana. Mu ma haka muke yi, ga manya, ga matsakaita, ga wadda ruwa ya taɓa mai sauƙin kuɗi 😂

Baba_Madugu:
Ɗana, kada ka yar da misalin jirgi, sai dai mai kwat ɗin nan rabin labarin ya ba ku. Mu da kake gani a Agege ai jirgi ne ya sauke mu. Kakana bafatake ne. Da jakuna suke zuwa Gwanja sayen goro, a yi wata da watanni a hanya, ga madugu, ga jagaba, ga uban dawaki, kowa da aikinsa. Dogo ya tashi daga Ikko ya kai Ibadan a 1901, ya haɗe da Kano wajen 1912. Ba a jima ba ayari ya mutu murus. Goro ya koma biyo teku zuwa Ikko a loda shi a tarago, daga baya ma Yarabawa suka dasa shi nan Agege da Ifo da Shagamu. Wanda ya ce shi sai jaki, jikokinsa labari kawai suka gada. Ta nan mai kwat ya yi gaskiya.
Ga rabin da bai faɗa ba. Bature auduga yake so, masaƙun Ingila na jira, babban burinsa a kai dogo Kano ke nan. Manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta, auduga kuwa ba mai dafa ta. Sai tasha ta cika maƙil da buhunan gyaɗa. Alhassan Dantata da goro ya fara, a gyaɗar nan ya zama abin da ya zama, har aka yi dalar da kuke gani a hoto. Ka ce wa yaran mai jirgi shi ya san inda dogo ya nufa, amma kayan da za a loda ba lallai shi ya zaɓa ba.

TsohonƊanAcaɓa:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni na shiga jirgin, ga ni nan a ƙasa. A 2019 wani kamfanin haya ta manhaja ya ɗauke mu, ba zan kama suna ba don su ma abin ya ci su. Aka ba mu hular kwano biyu, riga mai tambari, babur a biya kaɗan-kaɗan, aka koya mana duba taswira a waya. Kullum ana gaya mana mu ne gobe, mun bar 'yan acaɓar bakin titi a baya. Ranar 1 ga Fabrairun 2020 doka ta hana babur a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu, ba ta ware mai manhaja da marar manhaja ba. Rannan na gane dogon da jirginmu yake bi ba na masu jirgin ba ne. Yanzu gadi nake yi a Ajah. Kafin a ce wa yaro ya shiga, a ce masa ya tambaya wane ne mai titin.

ƊanCanji_Allen:
Kuma wa ya ce jirgin ɗaya ne? A 2001 da wayar salula ta shigo na sayi layi sama da naira 20,000 don kada a bar ni a baya, minti ɗaya naira 50 ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa, kowa ya sauko. Waɗanda suka jira, kusan kyauta aka riƙa bin su da layi a titi. Duk wanda ya ce maka wannan ne jirgin ƙarshe, duba hannunsa, tikiti yake sayarwa.

Sarkin_Gardama:
Duk surutu ne wannan. Abu sunansa kwamfuta, a ce kwamfuta. Me ya kawo jirgi da wuƙa? A koya wa yara aiki a bar tatsuniya.

MalamaUwani:
@Sarkin_Gardama to bismillah, gwada maganar ba misali mu gani. Hausa nake koyarwa a wata sakandare nan Legas, da wannan nake buɗe darasin adon harshe. Jirgi asalinsa na ruwa ne. Da muka ga abu yana jan kaya a kan dogo muka ce jirgin ƙasa, da muka ga wani a sama muka ce jirgin sama. Abin da ke aljihunka kana ce masa waya, ina wayar take? Ta tarho ce da ake kafa wa turaku, ta tafi ta bar suna. Akwatin rediyo. Tauraron ɗan'adam. Na'ura mai ƙwaƙwalwa. Makami mai linzami, sai ka ce doki. Nan da muke hira ma zaure muke ce masa, shi ya sa wanda ya shigo ba sallama ake jin haushinsa. Bahaushe bai taɓa karɓar sabon abu ba sai ya ɗaura masa sunan tsoho, shi ake kira siffantawa. Kuma sunan yana da nauyi. Dubi karatun da Bature ya kawo, da muka raɗa masa boko.

Sarkin_Gardama:
Boko ai daga kalmar Turanci ta littafi ne, kowa ya sani.

MalamaUwani:
Haka aka daɗe ana faɗa, amma kalmar tamu ce tun kafin Bature, ma'anarta abin da ba na gaskiya ba, algus. Tambayi tsofaffi amaryar boko, wadda ake yi wa rakiya da guɗa alhali amaryar gaske an bi da ita ta wata hanya. Farfesa Paul Newman, masanin nahawun Hausa, ya yi rubutu a kan wannan a 2013. Kakanninmu sun kalli makarantar Bature suka ce jabu ce, sunan ya bi mu sama da shekara 100, har yau akwai ƙauyen da uba zai ji kalmar ya ɓoye ɗansa. Shi ya sa ambaliyar Baban @Ɗan_Otigba, Allah ya ƙara masa lafiya, take ba ni tsoro. Mun taɓa hawa tudun nan.

Mahauci_OkoOba:
Ni dai a bar mini wuƙa, sana'ata ce. Ina girmama liman, amma misalin bai zauna ba. Shekara 20 ina riƙe da wuƙa, ba ta taɓa tashi na ƙarfe biyun dare ta ce zo ka ga abin da wane ya yanka ba. In na sa ta a kube tana nan har in dawo. Ba ta san sunan matata ba, ba ta kai wa maƙerin da ya ƙera ta rahoton naman da na yanka. Wayar ɗana kuwa ita ke kiran sa. Yaro ya ce bari in duba abu ɗaya, sai a kira Asuba yana ta jan bidiyo da yatsa. An ƙera abin ne don kada ka ajiye. In aka ce wuƙa ce an wanke maƙeri tas, an bar yaro ɗan shekara 14 da laifi shi kaɗai.

Alaramma_IdiAraba:
Malam mahauci ka yi magana. Amma kada a zalunci liman, nufinsa hisabi yana kan mutum, wannan kuwa ba makawa. Misali ba wasa ba ne, Alƙur'ani cike yake da shi. Ni abin da nake yawan tunani, wanda ya fara ce wa intanet yanar gizo ko ya tuna da Suratul Ankabut? Aya ta 41 ta ce mafi raunin gidaje shi ne gidan gizo-gizo. Ayar tana magana ne a kan masu riƙon majiɓinta ba Allah ba, kada wani ya ɗauka ya ce Alaramma ya fassara ta da intanet. Amma duk sanda na ga mutum ya zuba dukiyarsa da sirrinsa da hotunan iyalinsa a ciki, sai sunan ya faɗo mini.

Injiniya_Lekki:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda nake cin abinci. Ku tuna Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da sabis ya rikice, manhajojin bankuna suka tsaya cak. Manyan wayoyi huɗu ne na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa: MainOne, WACS, SAT-3 da ACE. Sai da aka kwashe makonni kafin jiragen gyara su gama. Abin da ya rage wahalar shi ne an karkatar da wani kaso ta wasu wayoyin, irin Equiano ta Google da ta sauka Legas a 2022.
Misalin da ya fi ba ni haushi na Turawa ne, wai gajimare. Hotonka yana gajimare, takardunka suna gajimare. Sai mutum ya ɗaga kai sama. Babu komai a sama. Gini ne mai katanga da maigadi, cike da kwamfutoci da na'urorin sanyaya ɗaki, yana shan wuta da dizal, akwai irinsu nan Lekki da Ikeja. Saƙonka kuma ta ƙasan teku yake bi, cikin wayar da kaurinta bai wuce tiyon ban-ruwa ba, ta MainOne kaɗai kilomita 7,000 ce daga Fotugal. Gajimare ba shi da mai shi. Wannan kuwa yana da mai shi, yana da adireshi, yana da kotun da ke iko da shi. Saboda haka Malama, sunan waya da kika ce ya tsufa, ya fi gajimare gaskiya.

MalamaUwani:
Na karɓi gyara, Injiniya 😄 Kuma Alaramma, akwai Gizo na biyu fa, mijin Ƙoƙi. Mai wayo, maƙaryaci, mai kwaɗayi, yana cin zaki da kura da baki kawai, wata rana kuma wayon ya ci shi. Ni a ganina babu harshen da ya dace da sunan intanet kamar namu. Turawa saƙar kawai suka gani, mu har mai saƙar mun san halinsa.

ƊanGusau_Alaba:
Ni famfo nake ce masa. A Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, ina Alaba Rago, mahaifiyata na can, na yi makonni ban ji muryarta ba. Sai ƙanena ya shiga mota har Zariya ya kira ni ya koma da saƙo, kamar zamanin da 'yan ci-rani ke aika kaset. Ban ce an yi daidai ko ba a yi ba, wannan wata muhawarar ce. Ruwan dai yana zuwa har gidanka, mabuɗin yana hannun wani. Mai hankali yana ajiye randa.

Hajiya_MaiAtamfa:
Ku maza duk misalanku na tsoro ne. Ambaliya, wuƙa, gizo-gizo. Ni a wurina shago ne, shagon da ba haya, ba 'yan agbero masu karɓar kuɗi a titi, ba mai zuwa karɓar kuɗin shara. Ina ɗakina a Idi-Araba, yarona ya je Balogun ya ɗauko atamfa da leshi, in ɗora hotuna a WhatsApp da safe, kafin Azahar mata daga Kano da Kaduna har Yamai sun zaɓa, a kai tasha a sa a mota. Mahaifiyata ta yi sana'ar nan da 'yar talla da faranti, unguwa ɗaya take iya kaiwa. Da wayar nan na aurar da 'ya'ya biyu. @Ɗan_Otigba in akwai 'yan mata a taron, kada ka tsorata mini su.

MaiAlbasa_Mile12:
Hajiya a yi haƙuri, babu shagon da ba haya a Ikko. Datar da kike saye fa? A farkon 2025 da aka amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50, an tambaye ki? To in na bar wasa, ni misalina dillali ne. Mota ta taso daga Aliero ko Sakkwato da albasa, mai kaya bai san mai saye ba, mai saye bai san mai kaya ba, dillali ya san kowa. Ba a yi sai da shi. Amma la'adarsa ta ko'ina yake ci, kuma shi kaɗai ya san farashin gaskiya. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da aka sauya 200 da 500 da 1,000 takarda ta ɓace, tumatir ya riƙa ruɓewa a kwando don ba tsaba a hannun masu saye. Dattawan da suka rantse ba za su taɓa karɓar taransifa ba, da kansu suka nemi yara su buɗe musu asusu a waya. Yau har mai tura baro yana da lamba. Dillali ya shiga tsakaninmu da kuɗinmu, kuma ba fita zai yi ba. Shi kuwa dillali ciniki ake yi da shi, ido a buɗe.

Hajiya_MaiAtamfa:
Alhaji, dillalin da ya kai ni Yamai ina zaune, ya ci la'adarsa halal.

Haƙo_Daloli:
Jama'a ga dama ta samu! Sabuwar haƙar kuɗin intanet ta fito, danna waya kawai za ka riƙa yi, ku shigo ta hannuna kafin a rufe

MaiZaure:
An goge sauran. Dokar zaure ta hana irin wannan talla, na gaba fita ce.

MalamaUwani:
Kun ga aikin misali da idonku. Da cewa ya yi zo ka yi ta danna sikirin ana ƙirga ka cikin masu kallon talla, wa zai zo? Sai aka ce haƙa, ka ji kamar zinariya na kwance ƙarƙashin yatsanka.

Ummi_Akoka:
Salam iyayena da yayyena. Ni ɗalibar kimiyyar kwamfuta ce. Misalai biyu ake yawan cusa mana a aji. Wai bayanai su ne sabon man fetur, wani Baturen Ingila Clive Humby ne ya faɗa a 2006. Wai kuma ƙirƙirarriyar basira ita ce sabuwar wutar lantarki, wannan maganar masanin kwamfuta Andrew Ng ce. Ni dariya suke ba ni, don masu misalan ba a Najeriya suke zaune ba. An samu mai a Oloibiri a 1956, matatun gwamnati suka zo suka tsaya, muka shekara da shekaru muna fitar da ɗanye muna sayo tatacce da dala, sai a 2023 aka ƙaddamar da matatar Dangote a Lekki. In bayanai man fetur ne, to mu ne Oloibiri. Muryarmu da hotonmu da hirarmu ana kwasa ɗanye, a tace a Amurka ko Sin, a dawo mana da shi mu biya kuɗin wata. In kuma lantarki ne, akwai 'yan Band A, rukunin da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, akwai mu.

DirebanApapa:
In lantarki ne kowa ya tanadi janareta kawai 😂

Ɗan_Otigba:
Kai jama'a, misali ɗaya na zo nema, yanzu na rasa inda zan zuba su. Amma ku dawo kan basirar nan, ita yaran za su fi tambaya. Yaron shagona cewa ya yi aljani ne a ciki, don ya tambaye ta da Hausa ta amsa masa da Hausa.

Alaramma_IdiAraba:
Wannan kam a hana shi. Wanda ya ce aljani ne ɗayan biyu zai yi, ko ya guje shi gaba ɗaya, ko ya riƙa tambayar sa gaibu kamar boka. Abin da ɗan'adam ya ƙera da hannunsa ne.

Injiniya_Lekki:
Ga yadda nake yi wa ƙannena bayani. In na ce komai nisan jifa, me za ka ce? Ƙasa zai faɗo. Ba tunani ka tsaya yi ba, kunnenka ne ya sha ji. To ChatGPT da aka saki a Nuwamban 2022 da 'yan uwanta, tushensu ke nan. An ɗura musu rubutun da mutum ba zai karance ba ko ya shekara dubu, suka koyi wace kalma ta fi dacewa ta biyo wace. Sai dai ƙarasa maganar ta yi nisa, har tana rubuta wasiƙa, ta warware lissafi, ta gyara manhaja. Inda gizo ke saƙar, in ka ba ta farkon karin maganar da babu ita a duniya, sau da yawa ba za ta ce ban sani ba, sai ta ƙera maka ƙarshe mai daɗin ji. Kuma rubutun Hausa da ta sha kaɗan ne in an gwada da na Turanci, shi ya sa wani lokaci Hausarta kamar ta wanda ya koya a littafi bai taɓa shiga kasuwa ba.

Sarkin_Gardama:
Ashe gardi ne, hadda ba fassara.

Alaramma_IdiAraba:
A'a, janye wannan. Mahaddaci in aya ta ɓace masa tsayawa yake a tuna masa, ba ya ƙago wata ya cike gurbi. Kuma ya san wurin wanda ya ɗauka, malaminsa ma ya san nasa. Wannan abin ka tambaye shi wa ya gaya maka, yana iya ƙago maka malami da littafi har da shafi.

Ummi_Akoka:
Ni maroƙiya nake ce mata. Ka ba ta rubutunka ta yaba kamar ba a taɓa yin irinsa ba. Ka ce ta yi kuskure alhali daidai ta faɗa, wani lokaci sai ta ba ka haƙuri ta koma bayanka. Kirarin kowa ta sani. Amma fa Baba Alaramma, da ita na gane darasin da aka yi mako uku ana yi ban gane ba, don ba ta gajiya da tambaya, ba ta yi mini tsawa. Ban san maroƙin da ke yin haka ba. Nawa misalin ma yana yoyo ke nan.

DirebanApapa:
Ku motar kuke ta kwatantawa, ni hanyar nake ji. Wanda ya taɓa jan tirela daga Apapa zuwa Kano da hunturu ya san hazo in an haye Jebba. Ba ka ganin komai sai jar fitilar na gabanka. Ka bi shi, kana gudu kana jin daɗi. Ya faɗa rami, kai ma kana ciki. Haka nake ganin gobenmu, fitilar Amurka da Sin muke bi. Ana ta cewa motoci masu tuƙa kansu za su kore mu. Ni dai ina jiran wadda za ta kwana uku a layin shiga tashar ruwa, ta kuma san abin da ake miƙawa a kowane shinge.

Baba_Madugu:
Direba, haka madugai suka faɗa, wai ƙarfe bai san sarakunan da ake kai wa gaisuwa a hanya ba. Ashe ba ta ƙofarsu zai bi ba.

MaiLambu_Ojo:
Malama a bar wa Baban Kazaure misalinsa, ba a gama jin sa ba ne. Ni ɗan Haɗeja ne, mun san ambaliya. Tana cin gida tana cin gona, amma in ta janye, ƙasar da ta bari ita ce ta fi kowace ba da amfani. Kuma ba kowa ke hawa tudu ba. Ku dubi Ikkon kanta. A Eko Atlantic masu kuɗi sun jibge duwatsu sun tare teku, sun cike inda Bar Beach take da yashi. A Makoko da ake hangowa daga gadar Third Mainland, talakawa sun kafa gidaje a kan turaku, ƙaramin yaro yana tuƙa kwalekwale shi kaɗai. Mu da ba mu da kuɗin duwatsu, yaranmu iyo ya kamata su koya.

Ɗan_Otigba:
Tun jiya ina aiki ina juya maganganunku. Bahaushe ai ya riga ya ce zamani riga ne. Ni da nake buɗe cikin wayoyi sai na ga rigar tamu yawanci gwanjo ce, irin ta Katangowa, inda ma aka daɗe ana cewa za a mayar da kasuwarmu. An ɗinka wa wani, mu muka saya muka kai wa tela ya rage. Rabin aikina ke nan, wayar da aka yi don ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, ta zo nan janareta ya ƙona mata wurin caji. Tecno ta ci kasuwar nan ne don ta zo ta auna mu, layi biyu saboda sabis ba tabbas, batir mai daɗewa, kyamarar da ke fito da baƙar fuska sosai. Ina tunanin in ce wa yaran su zama teloli.

TsohonƊanAcaɓa:
Ni ma riga aka ba ni, har da tambari.

MalamaUwani:
Ƙanena, kama da wane ba ta wane. Da ni ce, sai in rubuta misalan a allo in raba yaran gida-gida, kowane gida ya nemo inda nasa yake yoyo, kamar yadda Ummi ta yi wa nata.

Sarkin_Gardama:
Tsakanin La'asar da Magariba? Yaran za su fita sun fi rikicewa. Ka tafi da matacciyar waya da sukundireba ka buɗe a gabansu, su ga ba aljani ba gajimare.

Injiniya_Lekki:
Karon farko da na yarda da Sarkin Gardama. Ina da guntun wayar gilashi irin wadda ake binnewa a titi, zan aiko maka su taɓa da hannu.

Mahauci_OkoOba:
In ana buƙatar wuƙa ma a yi magana.

MaiZaure:
Ba za a shiga taron yara da wuƙa ba, Malam.

Ɗan_Otigba:
Har yanzu ban zaɓa ba wallahi. Baba Madugu, ko za ka zo ka ba su labarin gyaɗar nan da bakinka? Ni in na faɗa ba zai yi armashi ba. @TsohonƊanAcaɓa kai ma in ba ka bakin aiki ranar, ka zo ka zauna kusa da shi.

Baba_Madugu:
In ƙafa ta bari. A turo yaro ya ɗauke ni, kuma a sa mini kujera mai jingina, ba benci ba.

TsohonƊanAcaɓa:
Sai na nemi mai riƙe mini ƙofa. Zan faɗa maka ranar Asabar.

Hajiya_MaiAtamfa:
@Ɗan_Otigba kafin Lahadin, sikirin ɗin shagona ya tsage tun shekaranjiya, ba na ganin kalar atamfa daidai. Nawa ne, kuma kada ka yi mini farashin dillali.